Talaka ya bi ruwa, soja ya bi talaka: Yaƙin Tafkin Chadi na 1983

A watan Afrilun 1983, zafin bazara na gasa Arewa, 'yan siyasa na ta haramar zaɓen watan Agusta, sai sojojin Najeriya da na Chadi suka buɗe wa juna wuta a kan wasu tsibirai na Tafkin Chadi. Faɗan bai yi tsawo ba. Cikin 'yan makonni ƙura ta lafa, a watan Yuli kuma aka sake buɗe iyaka. Gajartarsa ce ta sa ya ɓace daga bakin mutane. Ka zauna a majalisar matasa a Unguwar Mu'azu da ke Kaduna ka ɗauko zancen yaƙi, za a ba ka labarin Biyafara, a ba ka na Laberiya da Saliyo, a ba ka na Boko Haram, amma da wuya ka sami wanda ya san Najeriya ta taɓa gwabzawa da maƙwabciyarta ta arewa maso gabas.

Alhali kuwa labarin namu ne. Bandar kifin da uwargida ke jefawa a miyar kuka, shekara da shekaru daga bakin wannan tafki ake kawo mafi yawanta. Mai shayin bakin layi, da mai ga-ruwa, da mai gadin shago, da dama daga cikinsu fari ne ya koro su ko ya koro iyayensu daga ƙetaren iyaka. Abubuwan da suka hura wutar 1983, wato ƙasar noma da ruwa da gardamar wane ne ɗan gida wane ne baƙo, har gobe suna nan tare da mu.

Ruwa ya ja, jama'a ta bi

Tafkin Chadi faɗi gare shi, ba zurfi ba. A yawancin wurare zurfinsa bai wuce 'yan mitoci ba, shi ya sa da ruwan da ke shigowa ya ragu kaɗan, sai gaɓa ta janye tafiyar kilomita da yawa. Kogin Shari da na Logon ne ke kawo masa kusan dukkan ruwansa daga kudu, sai ɗan abin da Komadugu Yobe ke ƙarawa daga ruwan Haɗeja da Jama'are. A farkon shekarun 1960 faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000. Farin 1972 zuwa 1974 ya raba shi gida biyu, kwarin arewa da kwarin kudu. Da aka sake shiga wani farin a farkon shekarun 1980, sararin ruwan da ya rage bai kai kashi ɗaya cikin goma na da ba.

Mutum zai zaci janyewar ruwa korar jama'a za ta yi. Jawo su ta yi. Duk inda ruwa ya sauka yakan bar baƙar ƙasa mai danshi, wadda ake shuka masara da wake a cikinta ba ruwan sama ba taki. Sababbin tsibirai, waɗanda mutanen wurin ke kira tumbu, suka riƙa ɓullowa. Kifi ya taru a ruwa kaɗan, kamu ya yi sauƙi. Makiyayi ya sami ɗanyar ciyawa a lokacin da shanu ke faɗuwa a ko'ina cikin Sahel. Sai masunta Hausawa daga ƙasar Sakkwato da Kabi da Haɗeja suka kwararo, har da waɗanda suka taso tun daga Mali, suka tarar da Buduma da Barebari da Kanembu da Shuwa da Kotoko, kowa ya kafa bukkarsa.

Duk wanda ya ga yadda ake sana'ar zai gane abin da ya riƙe mutane a can. Tun da asuba masunci zai tura kwalekwalensa ya duba gura da mamari. Kafin hantsi an jibge tarwaɗa da karfasa da giwan ruwa a gaɓa, mata da yara suna fiɗa, ana yanka manyan gunduwa-gunduwa, ana nannaɗe ƙananan. A jera a kan waya bisa tanda, a hura wuta mai hayaƙi, a yi ta juyawa har kifin ya yi baƙi ya bushe ƙamas. Daga nan a cika kwali, a ɗaure da igiya, mai kaya ya zana alamarsa a jiki, a nufi Doron Baga. A can manyan motoci ke lodi zuwa Maiduguri da Kano da Kaduna, har Anacha da Legas. Kwali ɗaya na ciyar da masunci da mai itace da ɗan dako da dillali da direba da mai talla. Ga mutumin da gonarsa ta gida ta ƙone, lissafin a fili yake: inda ruwa ya je, nan za shi.

Iyakar da ke cikin takarda

Matsalar ita ce ruwan bai san iyaka ba, iyakar kuma ba wanda ya taɓa ganinta da ido. Turawan Ingila da Faransa da Jamus ne suka raba tafkin a kan tebur a farkon ƙarnin da ya wuce. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, Ingila da Faransa suka sake daidaita layin da yarjejeniyar Milner da Simon ta 1919, sannan da musayar wasiƙun 1931. Miƙaƙƙun layuka ne aka ja a kan taswira, suka ratsa tsakiyar ruwa. Muddin ruwa na nan, ba wanda ya damu, domin ba a kafa turke a kan igiyar ruwa. Ko da ƙasashen huɗu, Najeriya da Nijar da Chadi da Kamaru, suka kafa Hukumar Raya Tafkin Chadi a ranar 22 ga Mayun 1964, hankalinsu ya fi karkata ga rabon ruwa da ayyukan noma.

Da ruwan ya zama ƙasa, ƙasar ta zama gona da kasuwa, sai kowace gwamnati ta tuna tana da haƙƙi. Mai karɓar haraji ya fara zuwa, ɗan sanda ya biyo shi, soja ya biyo ɗan sanda. Masunci ɗaya sai a tare shi sau biyu ko uku a hanya ɗaya, kowa da kakinsa, kowa na cewa nan ƙasarsa ce. Wanda ya biya wannan ya ɓata wa wancan.

A ɓangaren Chadi kuma abin ya haɗu da yaƙin basasa. Najeriya ta sha wahala wajen sasanta 'yan Chadi: ta tara su a Kano a watan Maris na 1979, ta sake tara su a Legas a watan Agustan shekarar, inda aka kafa gwamnatin haɗin gwiwa ƙarƙashin Goukouni Weddeye. Ta kuma ba da sojoji cikin rundunar kiyaye zaman lafiya ta Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka, wadda Manjo Janar Geoffrey Ejiga ya jagoranta. Duk da haka a watan Yunin 1982 Hissène Habré ya ƙwace Injamena da bakin bindiga. Gwamnatinsa ba kuɗi, mayaƙa sun yi yawa, bindiga ta fi abinci araha, ga kuma zargin cewa abokan gabansa na fakewa a tsibiran tafkin. Tsibiran da ke fitar da kifi da kanwa suka zama abin kwaɗayi kuma abin tsoro a lokaci guda.

Shekarar da aka kori baƙi

A gida ma zukata sun riga sun yi zafi a kan baƙi, kuma Kaduna na cikin wuraren da aka ji zafin. Rikicin Maitatsine na Kano a Disambar 1980 ya ci dubban rayuka. A Oktobar 1982 almajiransa suka sake tayarwa a Bulunkutu ta Maiduguri, wutar ta tsallako Rigasa a nan Kaduna. Da yake Maitatsine, wato Muhammadu Marwa, daga Kamaru ya fito, sai aka ɗora laifin kacokan a kan 'yan ƙetare, aka manta cewa da yawa daga mabiyansa 'ya'yan ƙauyukanmu ne da talauci ya koro birni. Kuɗin man fetur kuma ya faɗi, masana'antu sun fara sallamar ma'aikata, ga zaɓe na ƙaratowa.

A ranar 17 ga Janairun 1983, Ministan Harkokin Cikin Gida, Alhaji Ali Baba, ya ba duk baƙon da ba shi da takardun zama wa'adin mako biyu ya bar ƙasar. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan ƙasashen ƙungiyar damar shiga ya zauna kwana 90 ba biza, amma talakan da ya zo da ƙafa bin ɗan'uwansa ina ya ga takarda? Kimanin mutum miliyan biyu suka fita, kusan rabinsu 'yan Gana, sauran kuma har da 'yan Nijar da Chadi da Kamaru. Hausawan Kumasi da Akara sun san irin wannan rana, domin a 1969 gwamnatin Kofi Busia ta yi wa baƙin Gana irinta, iyalai da yawa suka dawo Arewa da abin da kai zai iya ɗauka kawai.

Tun kafin nan ma an ga yadda kalmar baƙo ke zama makami. A Janairun 1980 aka ɗauke Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye a Majalisar Dokokin Jihar Borno, ɗan jam'iyyar GNPP, aka tsallakar da shi Chadi da sunan ba ɗan Najeriya ba ne. Sai da kotu ta tabbatar masa da 'yancinsa na ɗan ƙasa. Idan aka yi wa ɗan majalisa haka, me ake tsammani ga masuncin da ba shi da kowa?

Makonnin wuta

Wata uku bayan korar baƙi, sojojin Chadi suka auka wa wasu tsibiran da Najeriya ke ɗauka ɓangaren Jihar Borno ne. Alhakin tsaron yankin na wuyan Runduna ta Uku da ke Jos, kwamandanta kuma shi ne Manjo Janar Muhammadu Buhari. Aka rufe iyaka, aka tura dakaru, aka ƙwato tsibiran, sojojin Najeriya suka bi na Chadi har cikin ƙasarsu. An yi asarar rayuka a ɓangarorin biyu. Marubuta tarihin wancan zamani da dama sun bayyana cewa Shugaba Shehu Shagari ya fi son a tsaya a bakin iyaka a koma teburin sulhu, kwamandan nasa kuma ya zarce inda aka so ya tsaya.

Rufe iyakar ya fi harsashi yi wa Chadi ciwo. Ƙasa ce da ba ta da gaɓar teku, man fetur da kayan masarufi masu yawa ta hanyar Maiduguri da Gamboru suke isa Injamena. Ana cikin haka, a watan Yuni mayaƙan Goukouni da Libiya ke mara wa baya suka kama Faya-Largeau a arewa. Habré ba zai iya yaƙi gaba da baya ba. Ya gana da Shagari, aka buɗe iyaka, kuma daga 21 zuwa 23 ga Yuli Hukumar Raya Tafkin Chadi ta yi zama na musamman a Legas, inda aka amince a shata iyakokin cikin tafkin. Wato abin da ya kamata a yi tun ruwa bai janye ba, sai da aka zubar da jini aka tuna da shi.

A siyasar gida faɗan ya bar baya da ƙura. Ya ɗaga sunan Buhari a cikin soja, ya ƙara wa hafsoshi raina gwamnatin farar hula. Ranar 31 ga Disambar shekarar aka kifar da Shagari, Buhari ya zama shugaban ƙasa. A can Chadi, ɗaya daga manyan kwamandojin Habré na lokacin shi ne Idriss Déby, wanda ya hamɓarar da maigidansa a 1990. Bayan shekara 32, a Yunin 2015, Buhari da Déby suka zauna a Injamena a matsayin shugabanni suna shirya yadda za su haɗa ƙarfi a kan Boko Haram, a tsibiran nan dai da aka taɓa yin faɗa a kansu. Manya sun shirya. Waɗanda aka ƙona wa bukkoki da kwalekwale ba wanda ya rubuta sunayensu.

Darak: an kwana a wata ƙasa, an tashi a wata

Tsugune ba ta ƙare ba. An yi aikin kafa turakun iyaka daga 1988 zuwa 1990, amma Najeriya ba ta rattaba hannun ƙarshe a kan sakamakon ba. A halin nan jama'a na ta bin ruwa zuwa gabas, har suka tsallaka layin 1931 suka shiga ɓangaren Kamaru ba tare da sun ga wata alama ba. Garuruwa suka kafu: Darak, Doron Liman, Garin Wanzam, Ramin Dorina, Sabon Tumbu, Fagge, Kirta Wulgo. Hukumomin Najeriya suka bi su da haraji da 'yan sanda da makarantu da ɗakunan shan magani, ana gudanar da su daga Ƙaramar Hukumar Ngala.

A 1994 Kamaru ta kai ƙara Kotun Duniya da ke Hague, da farko a kan Bakassi, daga baya ta haɗa da yankin tafkin. Hujjar Najeriya ita ce mutanenta ne ke zaune a wurin, ita ke mulkarsu shekara da shekaru. Ranar 10 ga Oktobar 2002 kotu ta yanke cewa zama da karɓar haraji ba sa ture yarjejeniyar da aka rubuta. A Disambar 2003 Najeriya ta janye daga ƙauyuka fiye da 30. Shugaban Najeriya na lokacin Olusegun Obasanjo da takwaransa na Kamaru Paul Biya sun cancanci yabo da suka bi hanyar shari'a maimakon bindiga. Amma a duba halin mutumin Darak: gwamnatin da ta karɓi harajinsa ta ba shi rasit, ita ce ta sauke tuta ta tafi, ya wayi gari baƙo a gidan da ya gina da hannunsa.

Ciwon ba namu kaɗai ba ne

Misalin da duniya ta fi sani shi ne na El Salvador da Honduras a yankin tsakiyar nahiyar Amurka, wanda aka laƙaba wa Yaƙin Ƙwallo. El Salvador ƙarama ce mai cunkoso, gonakinta na hannun 'yan tsirarun iyalai. Honduras ta ninka ta fiye da sau biyar a faɗi, jama'arta kuma ba su kai na El Salvador ba. Manoman El Salvador kimanin 300,000 suka tsallaka Honduras neman gona. Da talakawan Honduras suka matsa a raba musu ƙasa, gwamnati ta ga taɓa manyan masu gonaki da kamfanonin ayaba zai yi wuya, sai ta ƙwace ta baƙi ta kore su. Wasannin neman shiga Gasar Kofin Duniya da aka buga a Yunin 1969 sun ƙara zuga mutane ne kawai. Ranar 14 ga Yuli aka fara yaƙi, aka tsagaita bayan kimanin sa'a 100. Dubban mutane suka mutu, akasari fararen hula. Sai 1980 aka sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya, manoman da aka koro kuma suka ƙara wa El Salvador matsin da ya kai ta ga yaƙin basasar shekara 12.

Kusa da mu, Mali ta Moussa Traoré da Burkina Faso ta Thomas Sankara sun yi yaƙin kwana biyar a ƙarshen Disambar 1985 a kan yankin Agacher, bayan ma'aikatan ƙidaya sun shiga rugagen makiyayan da kowace ƙasa ke cewa nata ne. Shekara guda bayan haka Kotun Duniya ta raba yankin kusan daidai wa daida. A Afrilun 1989 rikicin manoma da makiyaya a Diawara, bakin Kogin Sanagal, ya jawo kashe-kashe a Dakar da Nuwakshot, aka kori dubun-dubatar mutane, Sanagal da Muritaniya suka yi shekara uku ba sa ga-maciji. A ko'ina tsarin ɗaya ne: ƙasa ta yi ƙaranci, hukuma ta kasa yin adalci wajen rabo, sai a nuna baƙo da yatsa.

Abin da ya shafi Unguwar Mu'azu

Kaduna gari ne da baƙi suka gina. Tun da Turawa suka mai da ita hedikwatar Arewa a 1917, jirgin ƙasa da barikin soja da masaƙun Kakuri suka yi ta jawo mutane daga ko'ina. Kusan duk gidan da ka shiga a Unguwar Mu'azu ko Kabala West ko Tudun Wada, idan ka bi salsala za ka tarar kaka daga Katsina ko Zazzau ko Bida ko Borno ko Maraɗi ya zo. Mutanen garin sun kuma san yadda faɗan kwana kaɗan ke sauya rayuwar shekaru. Rikicin Fabrairun 2000 da na Nuwambar 2002 ba su ɗauki dogon lokaci ba, amma sun sa maƙwabtan shekara talatin sun sayar da gidajensu da araha, kowa ya koma inda yake ganin nasa suka fi yawa. Har yau garin bai gama warkewa ba.

Wataƙila wannan sanin ne ya sa Arewa ta tashi tsaye a 2023. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli, ECOWAS ta ba sojoji wa'adin mako guda tare da barazanar amfani da ƙarfi, aka rufe iyaka, aka yanke wutar lantarki. A masallatai da kasuwanni da gidajen rediyo magana ɗaya ake yi: Nijar da Najeriya ɗanjuma ne da ɗanjummai, wa za ka harba a Maraɗi da ba ɗan'uwanka ba? Sanatocin Arewa suka ƙi, Majalisar Dattawa ta nemi a bi hanyar sulhu, tawagar malamai ƙarƙashin Sheikh Abdullahi Bala Lau ta tafi Yamai. Ba a yi yaƙin ba. Duk da haka rufe iyakar har zuwa Maris na 2024 ya durƙusar da 'yan kasuwa da direbobi a Jibiya da Illela da Maigatari, tsadar kuma ta iso har tukunyar mutumin Kaduna.

Damina na ƙara rikicewa, jama'a na ƙara yawa, rashin tsaro ya tashi dubban ƙauyuka. Ƙaura ba za ta tsaya ba, don haka dabara ta rage ga masu riƙe da al'umma. Ƙasashen tafkin su kammala shata iyakokinsu, su amince da juna a kan haraji guda da masunci ko makiyayi zai biya ya wuce lafiya. A sauƙaƙa wa talakan da ya tsallako samun takardar zama, a wuri kusa, da kuɗin da zai iya biya, domin marar takarda shi ne abincin mai kaki marar imani, shi ne kuma wanda 'yan bindiga ke saurin ruɗa. A cikin unguwa, mai unguwa da dattawa su tsaya a kan rubuta cinikin fili da haya a gaban shaidu, liman da fasto su tsawata wa duk wanda ya mai da asalin maƙwabcinsa abin zagi. Mutumin da ya bar garinsu don ya ciyar da 'ya'yansa bai yi laifin komai ba. Gwamnatin da ta bi shi ta karɓi harajinsa, wajibinta ne ta san inda iyakarta take, ta kuma kare shi, tun kafin ta kai ga tura soja.